Kunyar Da Ke Kai Mu Gadon Asibiti

Ya kai mai karatu, sau nawa ka zauna a mota kana kallon direba yana latsa waya, ko yana gyangyaɗi a kan sitiyari, ka haɗiye maganarka don kada a ce ka cika tsoro? Kada ka kira wannan shiru kawaici. Sakaci ne, kuma yana daga cikin abin da ke cika sashen ƙashi na asibitoci da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.

Direba zai ce maka ya shekara ashirin a kan hanya. Masana sun auna wannan taƙama, ba ta kai labari ba. A 2009 cibiyar nazarin sufuri ta jami'ar Virginia Tech a Amurka ta fitar da sakamakon kyamarorin da aka maƙala a manyan motoci: rubuta saƙo a waya yana ninka yiwuwar hatsari, ko tsallake rijiya da baya, har sau 23. Ido kan bar titi kusan daƙiƙa biyar. Idan ana gudun kilomita 100 cikin awa, mota ta shafe fiye da tsawon filin ƙwallo ke nan babu mai duba gabanta.

Wani zai ce ai abin kunne yake sawa. A 2006 Farfesa David Strayer na jami'ar Utah da abokan aikinsa sun nuna cewa hira a waya, ko an riƙe ta ko ba a riƙe ba, tana dakushe tuƙi kamar na wanda ya sha giya. Matsalar tana ƙwaƙwalwa, domin hankali ya tafi wurin hira. Haka ma barci: binciken da aka wallafa daga Ostareliya a 1997 ya nuna wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, kuzarinsa kan ragu tamkar ya kurɓi barasa. Goro da shayi ba su biyan bashin barci.

Idan abin ya faru sai mu ce ƙaddara ce. To, amma mai zazzaɓi ba ya ƙin magani da sunan ƙaddara. Don me za mu ƙi rigakafi a kan titi?

Saboda haka ka buɗe baki. Ce wa direba ya ajiye waya, ko ya tsaya ya runtsa. Ɗaura bel, ka ɗaura wa yaranka. In ya ƙi ji, sauka. Gara hararar direba ta minti guda da jinyar karaya ta wata shida.