Ɓoye Ciwon Sukari Ba Tawakkali Ba Ne

 

Ya ku 'yan uwa matasa, a duk shekara idan lokacin aikin Hajji ya matso, mu ne masu zirga-zirgar fasfo da canjin guzuri da ɗinkin jaka domin iyayenmu. Amma akwai wani shiri da muke sakaci da shi, alhali kuwa rai ne a cikinsa, wato shirin mai ciwon sukari. Sai ka ga dattijo ya shekara 10 yana shan magani, amma ranar gwajin lafiyar maniyyata ya ja bakinsa ya yi gum, don tsoron kada kujera ta kuɓuce masa. In ka yi magana a ce maka ai Allah ne mai tsarewa. Haka ne, Allah ne mai tsarewa. To amma yaushe ɓoye gaskiya ya zama tawakkali?

Mu tuna abin da ya faru a Hajjin shekarar 2024. Zafi ya kai digiri 51.8 a Masallacin Harami, kuma hukumomin Saudiyya da kansu sun bayyana rasuwar mutum 1,301. Mai ciwon sukari yana sahun gaba cikin waɗanda irin wannan zafi ke kayarwa, domin idan sukari ya hau fitsari yakan yawaita, ruwan jiki ya ƙare da wuri.

Sai dai abin da ya fi saurin kisa shi ne faɗuwar sukari. Mutumin da a gida iyakarsa masallacin unguwa, yau ga shi yana ɗawafi, ya zarce sa'ayi tsakanin Safa da Marwa, wanda shi kaɗai ya kai kimanin kilomita 3, ga abinci bai zo a kan lokaci ba, ga shi ya sha ƙwaya irin su glibenclamide ko ya yi allurar insulin tun da asuba. Nan da nan sai gumi mai sanyi, da rawar jiki, da jiri, da magana ba kan gado. Idan na'urar gwaji ta nuna ƙasa da 70, to sukari ya faɗi. Maganin gaggawa shi ne cokalin shayi 3 zuwa 4 na sukari a ruwa, ko rabin kofin lemo mai zaƙi, ko dabino 3. A sake gwadawa bayan minti 15. In kuwa ya suma, kada a yi masa ɗure, don zai iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe, a kira motar asibiti a lamba 997. To ɗan uwa, idan abokan ɗakin Baba ba su san yana da ciwon ba, wa zai yi masa wannan? Za su zaci gajiya ce, su ce a bar Alhaji ya huta.

Saboda haka aikinka ne ka kai shi wurin likitansa tun da sauran wata 1 ko 2, a daidaita magani da irin wahalar da ke gaba, a rubuta takarda mai ɗauke da sunan ciwon da ainihin sunayen magungunan. Ka rubuta wani ɗan kati ya rataya tare da katin shaidarsa. Ka sanar da jagoran ayarinsu da likitocin Hukumar Alhazai. Ka tanadi magani da kayan gwaji fiye da kwanakin tafiyar, domin jirgin dawowa yakan yi jinkiri.

Sannan maganin ya zauna a jakar hannu, kada ya shiga kayan awo. Jakar awo tana iya ɓata, kuma sanyin cikin jirgi inda ake zuba kaya yana iya daskarar da insulin, wanda kuwa ya daskare ya tashi daga aiki. Zafi ma haka yake lalata shi. Wanda ba a buɗe ba wurinsa firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wanda aka fara amfani da shi yana kai kimanin kwana 28 muddin zafi bai wuce digiri 30 ba. A Mina da Arfa a sa shi cikin 'yar jakar sanyi, ba tare da ya taɓa ƙanƙara ba. A kuma tuna agogon Saudiyya yana gaban na Nijeriya da Nijar da awa 2, sai a tambayi likita yadda za a gyara lokacin allura.

Sai maganar ƙafa. Ciwon sukari idan ya daɗe yana kashe jijiyoyin ƙafa, har mutum ya taka abu mai zafi bai ji ba. Silifas ya ɓace a ƙofar Harami, Alhaji ya ce bari ya taka zuwa masauki a kan kwalta da tsakar rana, ya wayi gari tafin ƙafa ya saluɓe. Daga irin wannan gyambo ake kaiwa ga yanke ƙafa. Ka saya masa 'yar jakar takalmi ta ratayawa da silifas na biyu, ka koya masa duba ƙafarsa kowane dare.

Na san wani zai ce, in an bayyana ciwon aka hana Baba tafiya fa, bayan ya shekara yana tara kuɗin? Amsa ita ce, mai ciwon sukari da yake kula da kansa yana yin Hajjinsa lafiya lau, kuma dubbai suna yi duk shekara. Wanda likita ya ce ya dakata kuwa, to iko yana cikin sharuɗɗan wajabcin Hajji, kuma lafiya tana cikin iko. Shari'a ma ta yarda mai rauni ya wakilta wani ya yi masa jifa, ta yarda a tura shi a keke wajen ɗawafi. Me zai sa mu ƙuntata abin da Allah Ya yalwata?

Biyayya ga iyaye ba ta tsaya ga rakiya filin jirgi da ɗaga hannu ba. Ka zauna da Baba cikin ladabi, ka fahimtar da shi, ko da zai yi maka faɗa. Faɗan kwana ɗaya ya fi zaman makoki.

Allah Ya kai alhazanmu lafiya, Ya dawo mana da su lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.