Ranar da manhajata ta tura kuɗin Hajiya shekara ta dubu 55

Jama'a, ku da kuke rubuta manhaja, ku daina ɗora wa "netwok" laifin da yake namu ne. Da kaina zan fara.

Kwanakin baya na haɗa wa wata ƙungiyar mata 'yan adashi ƙaramar manhaja ta rubuta zubi. Ana nan sai aka kira ni, wai wata Hajiya ta rantse ta zuba nata, ga shaidar tura kuɗi a wayarta, amma sunanta ya fito cikin waɗanda ba su biya ba, har an tsallake ta a kwasa. Maganar ta kai ga 'ya'yanta, an fara cewa mai riƙe da kuɗin ta ci amana. Da na buɗe rumbun bayanai, kuɗin na nan daram. Kwanan watan ne ya tafi shekara ta dubu 55 da wani abu. Wallahi sai da gumi ya karyo min.

Kwamfuta ba ta san Talata ko Laraba ba. Lamba ɗaya take ajiyewa, wato adadin sakan da suka wuce tun daga 1 ga Janairu 1970 agogon UTC, abin da ake kira lokacin Unix. Tun 9 ga Satumba 2001 lambar nan take da alƙaluma 10. Shi kuwa JavaScript milisakan yake ƙirgawa, nasa alƙaluma 13 ne. Sabuwar fuskar manhajar ta aiko da milisakan, sabar da ke baya tana jiran sakan, ta karɓa ba ko tambaya. Da akasin haka aka yi, da zubin ya faɗa wajen 20 ga Janairu 1970.

Ni dai a ganina, duk wanda zai karɓi lambar lokaci ya adana ba tare da ya bincike ta ba, bai gama aikinsa ba, ko da fuskar manhajar ta fi amarya kyau. Kuma a saba za a yi binciken, don wayar mutum kowa na iya juya agogonta. Tambaya ta farko, lamba ce ma kuwa? A JavaScript, in ka mayar da rubutu fanko ko null zuwa lamba, sifili zai ba ka, shiru ba ƙorafi. Shi ya sa in ka ga rasit ɗauke da 1 ga Janairu 1970, ƙarfe 1 na dare agogon Najeriya, ba aljani ba ne, sifili ne wani ya bari ya wuce. Sai iyaka: zubin adashi ba zai riga kafa ƙungiyar ba, ba kuma zai zo daga gobe ba. Layi biyu kacal da sun cece ni daga kunya.

Wani abokina ya ce ai da sauƙi, in ka ga alƙaluma 13 ka raba da 1000 kawai. Ban yarda ba. Gyara a ɓoye yana binne kuskuren ne. A kan kuɗin mutane gara manhaja ta ƙi karɓa, ta rubuta abin da aka aiko mata a littafin kurakurai, mu gani mu gyara daga tushe.

Amma fa kada a zafafa. Na taɓa ganin fom da ke ƙin duk lambar da ke ƙasa da sifili, alhali ranar haihuwa yake tambaya. To duk wanda aka haifa kafin 1970 lambarsa ƙasa da sifili take. Ka ga an kori iyayenmu ke nan.

Kada ma ku ɗauka mu ƙanana kaɗai abin ke kayarwa. A 2016 an gano cewa mayar da agogon wasu wayoyin iPhone zuwa 1 ga Janairu 1970 na hana su sake tashi, sai da Apple ta fitar da gyara. Ga kuma 19 ga Janairu 2038 na tafe: da ƙarfe 4:14 na asuba agogonmu, ƙirgen zai kai 2,147,483,647, iyakar abin da ma'ajin bit 32 mai alama ke iya ɗauka, daga nan sai ya juya zuwa Disamba 1901. Duk mai lissafin bashin gida ko fansho da zai wuce 2038, ya je ya duba irin ma'ajin da ya zaɓa tun yau.

Hajiya dai an mayar mata da kwasarta. Ni na je har gida na ba ta haƙuri, ita da mai riƙe da kuɗin.