Sunan Bariki Ya Wanzu, Mazan Jiya Fa?

Ku 'yan makaranta, in Allah ya kai ɗayanku Kaduna, ya tsaya ƙofar barikin Dalet ya tambayi masu wucewa ko wane ne Dalet. Da ƙyar zai sami mai ba shi amsa. To, Dalet ba mutum ba ne, wani wuri ne can cikin ƙasar Bama. Haka barikin Myohaung da na Arakan a Ikko. Sunayen duk na wuraren da kakanninmu suka zub da jininsu ne cikin yaƙin Hitila, wanda aka fara a 1939 aka gama a 1945.

Mun sha jin waɗansu masu ganin kansu wayayyu suna cewa, "Yaƙin Bature ne, ina ruwanmu?" Wannan magana ita muka zo rushewa. Lalle ba mu muka tsokano yaƙin ba, ba a kuwa yi shawara da mu ba. Amma jinin wa aka zubar? Ɗan talakan da dagaci ya miƙa don ya cika lissafin da aka yanka wa ƙauyensa, Bature ne?

Ku ji irin aikin da suka yi. A 1941 sojan Nijeriya suka taso daga Kenya, suka kori Italiya daga Mogadishu, suka bi ta har cikin Habasha. A 1943 aka ɗebi runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma cikin jirgin ruwa zuwa Indiya, daga nan sai kwarin kogin Kaladan, kurmi ne da tsaunuka inda mota ba ta shiga. Jirgin sama ke jefo musu abinci, mutane kuwa su ɗauki harsashi da kayan yaƙi a ka, ga ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, ga zazzaɓi, ga Japan a laɓe. Mutumin da ya tashi cikin sararin Katsina, inda ido ke hangen zango guda! Runduna ta 82 ta bi su a 1944, cikin Janairu 1945 suka haɗu suka ci Myohaung. Waɗanda suka rage a gida ma ba su tsira ba, don tun 1942 aka riƙa ɗibar talakawa tilas zuwa haƙar kuza a Jos, sanyi da yunwa suka kashe da yawa.

Da aka gama, me aka saka musu da shi? Takardun gwamnatin Ingila da aka tono a 2019 sun nuna yadda aka raba kuɗin sallama a Afirka ta Gabas: farabiti Bature sule goma kowane wata da ya yi yana aiki, baƙar fata sule uku da sisi. Ashe harsashi yana tambayar launin fata kafin ya shiga? A Ankara ta ƙasar Gana, ran 28 ga Fabrairu 1948, mazan jiya suka fita za su kai kukansu wurin Gwamna, aka buɗe musu wuta, aka kashe uku: Saje Adjetey, da Kofur Attipoe, da Farabiti Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya ta girgiza mulkin Turawa, shekara tara bayan haka Gana ta sami 'yancinta.

Laifin Turawa ke nan, mun faɗa. Saura namu, wanda ya fi mana ciwo. Nawa ne cikinsu suka ƙare suna gadin kanti da dare, da lambobin yabo ƙunshe cikin tsumma? In tsoho ya fara labarin Bama, yara su yi masa dariya, manya su ce soja ya taɓa shi. Aka bar su suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ba a zauna an rubuta abin da ke bakinsu ba sai kaɗan. Waɗanda suka kwanta can kuwa, an sassaƙa sunayensu jikin dutse a maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun, Musa da Garba da Audu, yawanci kowa da sunan garinsu a maimakon na uba. Baƙi ne ke share wurin.