Mallakar gwamnati ba ita ke kashe kamfani ba

Duk lokacin da aka tayar da maganar kamfanonin gwamnati a Najeriya, amsa ɗaya ce a bakin mutane: dukiyar gwamnati ba ta kowa ba ce, don haka a sayar kowa ya huta. Masu faɗin haka suna da hujja, domin gawarwakin suna nan kowa na gani, daga kamfanin sadarwa na NITEL zuwa kamfanin ƙarafa na Ajaokuta da aka fara ginawa tun ƙarshen shekarun 1970 amma har yau bai kama aikin da aka gina shi dominsa ba. Sai dai ina ganin an ɗora laifin a inda ba nan yake ba. Abin da ke kashe waɗannan kamfanoni shi ne ba a barin shugabanninsu su tsara doguwar tafiya su kuma zauna su kai ta ƙarshe. Tsarin shekara goma ake rubutawa, a damƙa wa wanda bai san ko zai kai baɗi a kujerarsa ba.

A duba jiragen sama. Kamfanin Nigeria Airways, wanda ya yi shekaru yana jigilar alhazanmu, an kafa shi a 1958, aka rufe shi a 2003 da bashi ya yi masa katutu. Kamfanin jiragen Habasha, Ethiopian Airlines, ya fara tashi a 1946, kuma har gobe na gwamnati ne ɗari bisa ɗari. Ya ga mulkin Sarki Haile Selassie, ya ga mulkin sojan Derg daga 1974 zuwa 1991, ya ga yaƙi da yunwa, amma a 2018 jiragensa suka kai 100, yau kuma yana sauka a Kano, Abuja da Legas. Habasha ba ta fi mu arziki ba, ba ta fi mu zaman lafiya ba. Bambancin yana wurin riƙo. Ko a zamanin Derg, da aka naɗa Mohammed Ahmed shugaban kamfanin a 1980, an bar shi ya rage ma'aikata, ya ci gaba da sayen jiragen Boeing na Amurka alhali gwamnatin na ɗasawa da Tarayyar Sobiyat. Girma Wake ya riƙe kamfanin daga 2004 zuwa 2011, Tewolde GebreMariam ya karɓa ya yi shekara 11, kuma dukansu a cikin kamfanin suka taso. Shi ya sa tsarin shekara 15 da suka ƙaddamar a 2010 ya zama abin aiki, bai ƙare a cikin durowa ba. Namu kuwa, kowace sabuwar gwamnati da nata shugaban kamfanin, kowane minista da nasa umarnin, manyan jami'ai na hawa jirgi a kan bashin da ba a biya. A Mayun 2023, jirgin da aka nuna wa 'yan ƙasa a Abuja da sunan sabon kamfanin Nigeria Air na kamfanin Habasha ne, kuma wannan abin baƙin ciki ne ga duk wanda ya san inda muka fito.

Wani zai ce ai halin ɗan Najeriya ne. Ban yarda ba, domin a cikin gida ma akwai misali. Kamfanin iskar gas na NLNG da ke Bonny, kamfanin mai na ƙasa NNPC ke da kashi 49 a cikinsa, sauran na Shell, Total da Eni ne. Tun 1999 yake fitar da gas, yana biyan gwamnati riba, kuma 'yan Najeriya ne akasarin masu tafiyar da shi. Matatun mai na Fatakwal, Warri da Kaduna, waɗanda a takarda za su iya tace ganga 445,000 a rana, sun shafe shekaru a kwance, duk da dala biliyan 1.5 da aka amince a kashe wa ta Fatakwal a 2021. Ma'aikaci ɗaya ne, ƙasa ɗaya ce. A NLNG ba wanda zai ɗaga waya ya ce a ɗage gyaran injin ko a ɗauki ɗan wane, domin akwai abokan hulɗa da kuɗinsu ke ciki. A matatun kuwa, lokacin gyara da mai yin gyaran duk sun zama harkar siyasa.

To, me zai hana a sayar gaba ɗaya? An gwada. A 2013 aka miƙa kamfanonin rarraba wutar lantarki ga 'yan kasuwa, kuma mai shagon walda a Kano ya san ko wutar ta wadata. Sayarwa ga wanda ba shi da jari ko ƙwarewa sauya wa matsalar riga ne kawai. Ban da haka, akwai hukumomin da ba sa sayuwa, kamar hukumar ruwa ta jiha ko ta kula da ingancin magunguna. Waɗannan dole a koyi tafiyar da su.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na masu cewa idan aka sakar wa shugaban kamfani mara, ya san ba mai taɓa shi shekara biyar, to an buɗe masa ƙofar sata. Tsoro ne na gaskiya. Amma mu lura, sallamar ba-zata da ake yi yanzu ba ta hana satar ba, ƙara mata wuta take yi, domin wanda ya san kwanansa ƙidayayyu ne sauri yake ya cika aljihu kuma ya faranta wa wanda ya naɗa shi. Abin da ya dace shi ne a ɗauki shugaba ta hanyar gasa a fili, a ba shi wa'adi, a rubuta abin da ake so ya cimma da adadi, ganga nawa, gidaje nawa za su sami ruwa, a buga rahoton binciken kuɗinsa kowace shekara, a kuma cire shi idan ya gaza wannan. Idan gwamnati na so kamfani ya sayar da kaya ƙasa da farashi don sauƙaƙa wa talaka, ta sa kuɗin a kasafi ta biya, kada ta bar kamfanin ya ci jarinsa a ɓoye.

Al'adarmu har yanzu akasin haka ce. Gwamnatin Buhari ta rushe hukumomin gudanarwa na ma'aikatun tarayya a 2015, ta Tinubu ta maimaita a Yunin 2023, ana ɗaukar kujerun a matsayin ladan wahalar zaɓe. Dokar man fetur ta 2021 ta mayar da NNPC kamfani mai cin gashin kansa a 2022, kuma mataki ne mai kyau, amma shugaban ƙasa ne dai ke naɗa shugabanninsa, shi ne kuma ya sauke su gaba ɗaya a Afrilun 2025. Muddin wannan iko na hannun mutum ɗaya, idon shugaban NNPC zai fi zama a kan fadar Aso Rock fiye da tukwanen matatar Kaduna.