Rumbun Bayanai Ba Juji Ba Ne

Likitan da ya karɓi aikin dare a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988 yake kuma kan titin Zariya a Gyadi-Gyadi, yana iya buɗe fayil ɗin majinyacin da bai taɓa gani ba ya fahimci inda aka kwana. Dalili shi ne rubutun likitoci yana da jeri sananne: koken mara lafiya, abin da bincike ya nuna, abin da ake zato, sai matakin da za a ɗauka. Wani likita Ba'amurke, Lawrence Weed, ya yaɗa wannan tsari a shekarun 1960.

Amma a leƙa ƙananan kamfanoni, ɗakunan gwaji da makarantun kuɗi da suka cika Gyadi-Gyadi da Tarauni. A da yawansu, ilimin gudanar da aiki yana cikin kan akanta ɗaya, ko cikin saƙon murya da ya nutse a zauren WhatsApp tun bara. Ranar da akantan ya ajiye aiki, ya tafi ke nan da rabin kamfanin a aljihu. Daga nan sai shugaba ya zabura ya biya kuɗin Notion ko SharePoint, ya ce kowa ya zuba abin da ya sani. Wani ya rubuta shafi goma, wani layi biyu, ba suna ba kwanan wata. An gina rumbu, an haɗa gero da tsakuwa.

Maganin ba tsada: samfurin rubutu guda, mai gurabe tsayayyu da kowa zai cike.

Masu adawa da wannan, waɗanda galibi 'yan boko ne masu ji da alƙalaminsu, sukan ce samfuri yana kashe basira. Hujja ce mai rauni. Wasiƙun Daular Sakkwato suna da siga tsayayya, daga bisimilla zuwa sunan mai aikawa da wanda aka aika wa, gaisuwa, sannan saƙo, ga hatimi, kuma ba wanda ya zargi Waziri Giɗaɗo da ƙarancin basira. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takardar tantancewa mai gurabe 19 domin ɗakin tiyata. Da aka gwada ta a asibitoci takwas, har da na Ifakara a Tanzaniya, mace-macen bayan tiyata sun sauko daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa 0.8.

Inda suke da gaskiya shi ne fom ɗin da aka jefo daga sama. A lardin Ontariyo na Kanada an wajabta wa asibitoci irin wannan takarda, sai nazarin da aka buga a 2014 bai ga wani sauyi na a-zo-a-gani ba. Wanda aka tilasta wa cike gurbi zai cike shi ne don ya huta, kamar yadda ake sa hannu a rajistar zuwa aiki.

Don haka masu yin aikin su ne za su tsara samfurin, ba shugaban da ya dawo daga taron bita ba. Gurabe biyar sun isa kamfanin da ke Tarauni: mene ne matsalar, wa ta shafa, yaya ake warware ta daki-daki, wa ke da alhakin wannan shafi, yaushe aka sake duba shi. Biyun ƙarshe su aka fi tsallakewa, alhali shafin da ke bayanin biyan albashi da lissafin da ya gabaci mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 na 2024 zai jefa sabon akanta cikin kuskure tun watansa na farko.