Wai don /tmp ya cika sai a kashe saba? Haba jama'a!

1/ Akwai wata shawara da ke yawo a gurup-gurup na masu koyon Linux da ta ishe ni. Da zarar wani ya turo hoton "No space left on device" a kan /tmp, sai ka ga mutum biyar sun rubuto "kashe ka kunna". Ko tambaya ɗaya babu. Wallahi ɓarna ce kuke koya wa yara.

2/ A Fedora tun 2013, da Arch, da Debian 13 da ya fito a 2025, /tmp ba a kan faifai yake ba. Tmpfs ne, wato a cikin RAM yake zaune, in ta matse ya gangara swap. In ba ka sa masa iyaka ba, rabin RAM ɗinka ake ba shi. Buga findmnt /tmp ka ga naka.

3/ To tunda a RAM yake, kana kashe na'ura komai ya tafi. Wanda ya kwashe awa uku yana buɗe ajiyar bayanai a ciki, aikinsa ya bi ruwa. Masu amfani da shafin an katse su. Kuma abin takaicin, saba ta dawo da girman nan dai na da, gobe ya sake cika. Me aka gyara kenan?

4/ Ga abin da ake gudu, layi ɗaya:
sudo mount -o remount,size=6G /tmp
Shi ke nan fa. Fayilolin suna nan, babu manhajar da ta tsaya. Buga df -h /tmp ka gani da idonka.

5/ Na san wani zai ce ai wannan zai cinye RAM. A'a malam. Lambar nan rufi ce kawai. Ka rubuta 6G alhali fayilolin 200M ne, 200M ɗin ya ci.

6/ Amma ku masu rubuta size=100% ko size=0, wanda ke nufin babu iyaka, ku ma ban ƙyale ku ba. Kanel ba zai hana ka ba da abin da ba ka da shi ba. Ranar da ya cika da gaske kuma babu swap, OOM killer zai fara kashe manhajoji, galibi mai cin RAM da yawa, kamar MySQL ɗinka. Fayilolin /tmp kuwa suna zaune daram, don kashe manhaja ba ya goge su. Ka duba free -h tukuna kafin ka zaɓi lamba.

7/ Wani lokacin ma ba girma ne matsalar ba. An goge fayil amma wata manhaja na riƙe da shi, wurin bai dawo ba: lsof +L1 zai tona ta. Ko kuma df -h ya nuna da sauran wuri, df -i ya nuna inode sun ƙare saboda ƙananan fayiloli rututu. Nan nr_inodes za ka ƙara, da remount ɗin dai.

8/ Remount ba ya ɗorewa bayan an kunna na'ura. Ka rubuta shi a /etc/fstab, ko systemctl edit tmp.mount in systemd ke riƙe da shi.

9/ Kuma don Allah, fayil mai 20G me ya kai shi /tmp? Ga /var/tmp nan a kan faifai, ba ya gogewa in an kashe. Sa TMPDIR=/var/tmp kafin umarnin, yawancin manhajoji za su bi.

10/ 'Yan Docker, ku naku daban ne: /dev/shm na kwantena 64M kacal yake zuwa da shi, shi ya sa PostgreSQL da Chrome ke muku kuka. Ku sa --shm-size tun wajen ƙirƙirar kwantenar. Ko sau goma kuka kashe sabar kuka kunna, 64M ɗin za ku tarar.