Filta Ba Ta San Zoɓo Ba

A shagunan buga katin biki na Barnawa da Sabon Tasha, da shafukan masu sayar da turare da sabulu a Instagram, wani irin fure ya yawaita. Hoto ne aka ɗauka da waya, aka bi da shi ta filta, ya fito tamkar an zana shi da burushi. Ba laifi ba ne mutum ya yi wasa da hotonsa. Laifin yana farawa ne ranar da aka kira abin zane, aka kuma karɓi kuɗin zane a kansa.

Ya kamata a san abin da filtar ke yi. Tsohon samfurinta, irin na Photoshop, lissafi ne tsagwaronsa: ja da kore da shuɗi kowanne yana da mataki 256 a hoto, sai ta rage su zuwa kaɗan, ta shafe ƙananan bambance-bambance, ta kaurara layi a inda haske ya haɗu da duhu. Sabon samfurin, wanda manhajar Prisma ta yaɗa a 2016 bisa wani bincike da aka yi a Jami'ar Tübingen ta Jamus a 2015, yana aro salon wani zane ne ya shafa wa hoton. Dukansu suna rage bayani, mai zane ma yana ragewa. Amma mai zane ya san abin da ba a taɓawa.

A ɗauki zoɓo da rama da kuɓewa. 'Yan gida ɗaya ne, furensu fari ne mai ɗan rawaya, da jan tabo a tsakiya. Abin da ya raba su yana ƙarƙashin furen da jikin karan: ƙoƙon zoɓo mai tsoka, wanda shi ake busarwa a jiƙa a sha, da 'yan ƙayoyin rama masu kartar hannu. Waɗannan su filta ke fara haɗiyewa, domin a lissafinta ƙananan abubuwa ne. Mai sayar da zoɓo a kwalba da ta biya a yi mata tambari da irin wannan hoton, ta biya ne a ɓoye ainihin abin da take sayarwa. Kowace tsohuwa a kasuwar Kakuri za ta bambance ukun da kallo ɗaya. Ilimin nan yana da zurfi, har J. M. Dalziel ya cika littafi guda da sunayen tsirrai na Hausa a 1916.

Abin ya fi ciwo a wannan ɓangaren kogin. Nan aka buɗe masaƙar KTL a 1957, nan UNTL ta shekara da shekaru tana buga atamfa kafin ta rufe a 2007. Furen da ke jikin atamfa sai an zana shi, an raba launukansa ɗaya bayan ɗaya, an kuma tabbatar bakin zanen ya haɗu da na gaba idan an maimaita shi a tsawon yadi shida. Garin da ya san wannan aiki bai kamata a yaudare shi da danna maɓalli ba.

Masu kare filta suna cewa ta sauƙaƙa wa ƙaramin ɗan kasuwa, wanda ba shi da kuɗin mai zane. Gaskiya ne, kuma hujja ce mai ƙarfi, da a ce farashin filta ake cajinsa. Sau da yawa shi ne ma wanda ake cuta, domin bai san me zai tambaya ba. Tambayar kuwa gajera ce: a nuna masa zanen farko na fensir, ko asalin hoton kafin a taɓa shi. Wanda ya zana yana da na farko. Wanda ya danna filta na biyun kawai zai iya fitarwa, sai a yi ciniki a kan hoto.